Kafin ku zargi kamfanin layi, ku fara auna rautarku

Jama'a, masu kukan intanet ɗin gida yana jan ƙafa, kiran bidiyo yana yankewa, don Allah ku fara gano inda matsalar take: a rautarku ce, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, ko daga waje.

A kwamfutar Windows ku buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ku rubuta ping 192.168.1.1 -t; lambar nan adireshin rautar ce. Wasu rautocin 192.168.0.1 ne, galibi yana rubuce a jikin na'urar. Wannan yana auna lokacin zuwa da dawowar saƙo tsakaninku da rautar kaɗai, kuma bai kamata ya wuce 'yan milisakan ba. Sannan ku gwada ping 8.8.8.8, wato wata sabar Google da ke can a intanet. In na farko lafiya lau, na biyun ne ke ɓatar da amsa, to mai yiwuwa daga waje ne. In tun na farko yake tangarɗa, gyaran yana cikin gidanku.

Yawanci cunkoso ne a zangon Wi-Fi na 2.4GHz, inda Wi-Fi ɗin maƙwabta da Bluetooth duk suke turereniya. Ku shiga saitin rautar ku zaɓi tasha 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Na'urar da ke kusa ku mayar da ita zangon 5GHz, amma ku sani bangon siminti yana cinye shi sosai. Rautar kuma a ɗaga ta sama a sarari, ba bayan talabijin ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne waya guda mai ɗora hotuna da bidiyo a intanet a ɓoye tana iya toshe wa kowa hanya. Ku dakatar da ita ku sake aunawa. In rautarku tana da SQM ko QoS, wato saitin da ke tsara rabon intanet tsakanin na'urori, ku kunna.