Darasi na Shida: Yadda Ake Sauraron Kiɗan Okestira

Okestira babbar ƙungiya ce ta makaɗa da mabusa wadda ta samo asali a Turai, ta kuma ɗauki siffarta tsakanin ƙarni na 17 da na 18 a fadojin sarakuna da majami'u da gidajen wasan kwaikwayo na Italiya da Faransa da Jamus. Cikakkiyar okestira a yau takan tara mutum 70 zuwa 100, dukansu suna bin takardar kiɗa da ke gabansu, suna kuma lura da hannun jagora wanda yake tsaye da 'yar sanda. Wanda bai saba da wannan kiɗa ba yakan ji shi dunƙule, ya kasa bambanta wannan sauti da wancan. Kunne kuwa ana koya masa rarrabewa, kuma hanyar farawa ita ce mai sauraro ya san kayan da ake kaɗawa, da saurin da ake tafiya, da yadda sautuka suka haɗu.

Kayan okestira dangi huɗu ne, kuma mafi yawa su ne masu tsarkiya, domin sukan haura rabin ƙungiyar. Ƙaraminsu shi ne biyolin, mai siririyar murya, wanda ake ɗorawa a kafaɗa a tokare da haɓa. Biyola ta ɗan fi shi girma da kaurin murya. Celo a zaune ake kaɗa shi, an jingina shi tsakanin gwiwoyi, sai kuma babban bas wanda ya kusa tsayin mutum. Kusan dukansu tsarkiya huɗu gare su, ana goga musu baka mai gashin wutsiyar doki wanda aka shafa wa ƙaro domin ya kama tsarkiyar. Duk wanda ya taɓa kallon mai goge yana aiki ya riga ya san wannan dabara, sai dai goge tsarkiya ɗaya gare shi. Ƙa'idar da ya kamata a riƙe ita ce, gwargwadon tsawon tsarkiya da kaurinta, gwargwadon zurfin muryarta. Shi ya sa makaɗi yake danne ta da yatsa ya rage tsawonta idan yana son murya ta hau. Muryar biyolin guda ba ta da ƙarfi, don haka ake tara kusan 30 a babbar okestira, a zaunar da su a sahun gaba.

Dangi na biyu kayan busa ne na itace: sarewar Turawa, da obo, da kilarinet, da basun. Obo 'yar uwar algaita ce, domin dukansu ana hura iska ne ta tsakanin siraran harsuna biyu da ke karkarwa a bakin mabushi. Ita ce take fara fitar da sauti kafin a soma wasa, kowa ya daidaita kayansa da ita, kuma wannan sauti yawanci karkarwa 440 ne a cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ake dubawa wajen sanya kaya cikin wannan dangi shi ne yadda yake fitar da sauti. Sarewar yau da ƙarfe ake ƙera ta, haka ma saksafon da Adolphe Sax ɗan ƙasar Beljiyam ya yi wa rajista a 1846, amma duka biyun a nan ake lissafa su.

Dangi na uku kayan busa ne na tagulla, wato turamfet da ƙahon Turawa da turambon da tuba, irin waɗanda ake gani a hannun 'yan badujalar soja da 'yan sanda. Leɓɓan mabushi ne suke karkarwa a nan, kamar yadda ake busa kakaki. Na huɗu su ne ganguna da sauran abubuwan bugawa, kuma babbansu timfani ne, manyan ganguna masu gindin tagulla waɗanda ake ɗaure fatarsu ko a sassauta ta domin murya ta canza. Waɗannan dangi biyu a baya ake ajiye su, saboda ƙararsu za ta iya binne ta kowa.

Saurin kiɗa ana auna shi da yawan bugu a cikin minti ɗaya. Bugu 60 yana tafiya daidai da daƙiƙar agogo, faretin soja kuwa yakan kai wajen 120. Mawallafan kiɗa sun saba rubuta umarninsu da Italiyanci a saman takarda: largo da adagio suna nufin a tafi a hankali, andante tafiya ce irin ta mai takawa da ƙafa, allegro da hanzari, presto kuma da gudu sosai. Da yake hanzarin wani ba shi ne na wani ba, a 1815 Johann Maelzel ya yi rajistar na'urar metironom, wadda take ƙwanƙwasa adadin bugun da aka saita ta. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne ɗaukar ƙarfin sauti a matsayin sauri. Kiɗa yana iya yin ƙara kamar aradu alhali tafiyarsa a hankali take, yana kuma iya yin ƙasa-ƙasa yana gudu.

Saura batun da ya fi wuya, wanda za mu kira saƙar sauti, domin muryoyi suna shiga juna ne kamar zare a hannun masaƙi. Saƙa mafi sauƙi ita ce karin waƙa guda ba rakiya, kamar makiyayi yana busa sarewa shi kaɗai. Ko mutum 100 ne suka rera kari ɗaya tare, saƙar ba ta canza ba. Ta biyu ita ce kari ɗaya yana jagoranci, sauran muryoyi suna tallafa masa daga ƙasa suna tafiya tare da shi, kamar yadda badujala take busa taken ƙasa. Ta uku kuwa karuruwa biyu ko fiye ne suke tafiya lokaci guda, kowanne da hanyarsa, babu shugaba babu mabiyi, kuma Johann Sebastian Bach na Jamus, wanda ya rasu a 1750, shi ne ya fi shahara da ita. Kada a rikita wannan da amshi, domin mawaƙi da 'yan amshi karɓa-karɓa suke yi, wani yana bin bayan wani. Akwai kuma wata saƙar da kunnenmu ya fi sabawa da ita, inda mai goge yake bin karin mawaƙi yana yi masa ado da ƴan lanƙwashe-lanƙwashe.

Domin gwaji, ku nemi taken ƙasa da badujala ta busa, a rediyo ko a waya. A sauraro na farko ku riƙa buga ƙafa tare da kiɗan, ku ƙirga bugun daƙiƙa 15 a agogo, ku ninka sau huɗu, ku rubuta adadin a littafinku. A na biyu ku bar karin da kuka sani, ku kasa kunne ga murya mafi zurfi da ke ƙasa, ku faɗa wa malami daga wane dangi kuke jin ta fito.