Kurakuran da sababbin masu fassara ke tafkawa a labaran masu sauya jinsi

Na gaji da gyara kuskure ɗaya kullum. Duk sabon da aka kawo mana teburin fassara, ranar da labarin masu sauya jinsi ya faɗo hannunsa daga Amurka ko Ingila, sai ya kwashi kalmomi huɗu ya zuba a tukunya ɗaya: ɗan daudu, ɗan luwaɗi, mata-maza, mai sauya jinsi. Wadda ta riga zuwa bakinsa ita zai rubuta. To ku matso, ƙannena, in faɗa muku a rubuce.

Abin da Turawa ke kira tiransjenda, ko tirans a taƙaice, shi ne mutumin da jinsin da yake jin kansa a ciki ya saɓa da wanda aka shaida masa ranar haihuwa. An haife shi da halittar namiji, an raɗa masa sunan maza, amma shi mace yake ɗaukar kansa. Ko kuma akasin haka. Mun saba cewa "mai sauya jinsi", ni ma da ita nake aiki don ban samu wadda ta fi ta ba, sai dai rigar ta yi wa ma'anar kaɗan, domin da yawansu ba su taɓa komai a jikinsu ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne haɗa su da mata-maza, saboda ni da hannuna na tafka shi. A 2019 aka miƙo mini labarin Caster Semenya, 'yar tseren mita 800 ta Afirka ta Kudu, lokacin da kotun wasanni ta duniya ta amince da dokar da ke tilasta wa irinta rage testostiron, wato sinadarin mazantaka na jiki, kafin su shiga tsere. Ina sauri, saura minti goma a shiga labarai, na rubuta "namijin da ya koma mace". Haka aka karanta. Alhali Semenya ba ta koma komai ba. Mace aka shaida ta da aka haife ta, mace aka raine ta a ƙauyensu a lardin Limpopo, halittar jikinta ce kawai ta zo da bambanci tun daga ciki.

Bayan kwana biyu wata baiwar Allah ta zo har ofis. Ta ƙi zama. Tana tsaye bakin ƙofa, ta naɗe gefen mayafinta a hannu tana murzawa, ta ce: "Malam, kai ne ka ce mata-maza su suke mayar da kansu? Ɗiyata haka Allah Ya ba ni ita. Tun jiya yaran unguwa ke bin ta da maganarka." Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni," daga nan bakina ya mutu. Mun yi gyara a iska washegari, amma magana zarar bunu ce. Har yau idan na ga wani ya rubuta "mata-maza" a inda ake nufin tiransjenda, fuskar matar nan nake gani, shi ya sa nake ɗaga murya har kuke cewa na cika faɗa. Ku da kuka yi makarantar allo da ta zaure, ba ku da uzuri ko kaɗan. Malaman fiƙihu sun san mata-maza tun da daɗewa, khunsa suke ce masa, har sun yi bayanin rabonsa na gado. A mazhabar Malikiyya wanda lamarinsa ya rikice ana ba shi rabin kason namiji da rabin na mace. Wannan maganar halitta ce. Amma a 2024, da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan Imane Khelif, 'yar damben Aljeriya a gasar Olamfik ta Faris, sai ga shi an cika Facebook da "ƙaton da ya zama mace", ita kuwa mace aka haife ta, mace ta tashi. Dabarata tun daga ranar Hajiyar nan guda ce: kafin in taɓa biro sai na tambayi kaina, da bambancin halitta aka haifi mutumin, ko daga baya ya bayyana yadda yake jin kansa? In ban samu amsa a cikin labarin ba, ba na sa kowace kalma, sunansa kawai nake rubutawa.

Na biyu shi ne juya kalmar baibai. Idan aka ce mace tirans, ana nufin wadda aka haifa namiji take rayuwa a matsayin mace, kamar Laurel Hubbard ta Niyu Zilan da ta ɗaga ƙarfe a Olamfik ta Tokiyo a 2021. Namiji tirans kuwa an haife shi mace. Kalmar tana nuna inda mutum ya dosa ne, ba inda ya baro ba. Na sha kama fassarar da ta kifar da labari kacokan saboda wannan.

Na uku shi ne haɗa su da 'yan luwaɗi. Luwaɗi da maɗigo maganar wanda mutum ke sha'awa ce. Tiransjenda kuwa maganar yadda mutum ke ɗaukar kansa ce. Wanda bai yarda hanyoyin sun rabu ba ya dubi Iran: ƙasar na hukunta luwaɗi har da kisa, amma tun fatawar Ayatullah Khomeini a shekarun 1980 ta halatta tiyatar sauya jinsi. Ɗan daudu ma namu ne, da tarihinsa a harkar tuwo-tuwo da bori da salon maganarsa, kuma akasarinsu maza suke kiran kansu. Kada ku ɗauki sunansa ku liƙa wa wata Ba'amurkiya, haka ma mutanen da ake kira "hijira" a Indiya, waɗanda kotun ƙolin ƙasar ta amince da su a matsayin jinsi na uku a 2014.

Sai masu ganin an ce mutum ya fara sauyi su rubuta "an yi masa tiyata". Wa ya gaya maka? Sauyin hawa-hawa ne. Wani suna da tufafi kawai ya canza. Wani ya bi ta kotu ko hukuma aka gyara masa takardu, kamar yadda dokar Birtaniya ta 2004 da ta Ajantina ta 2012 suka ba da dama. Wani yana shan homon, wato sinadaran da ke fito da siffofin maza ko na mata: testostiron na kaurara murya ya fito da gemu, istirojin, sinadarin mata, na fito da ƙirji ya tausasa fata amma ba ya siranta muryar da ta riga ta buɗe. Tiyata ita ce matakin da da yawa ba sa kaiwa, kuma ba ta sa wanda aka haifa namiji ya ɗauki ciki, don haka ku daina ƙara wannan gishirin.

Kada ku rubuta "ciwon hauka". Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire lamarin tiransjenda daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa a kundinta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022.

Inda Hausa ke matse mu shi ne "ya" da "ta", har da "ka" da "ki". Ba ka iya jimla biyu ba ka zaɓi ɓangare ba. Ni ga yadda nake yi, kuma na san wasu abokan aikina ba su yarda ba: ina bin sunan da "ya" ko "ta" ɗin da labarin asali ya zo da su, in faɗi sau ɗaya a farko cewa "wadda aka haifa namiji", in wuce. Hukuncin addini a kan lamarin yana da malamansa da filinsa, mai saurare kuma yana da hankalinsa. Aikina shi ne ya san wa ake magana a kai. Ga waɗanda ke cewa su ba maza ba ne ba mata ba, ba na sa "su" kamar yadda ake yi a Turanci, domin Bahaushe zai zaci taro ne. Sunan nake maimaitawa, ko in fake da "an".

Doka ma ku riƙa duba ta. Wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 kan auren jinsi ɗaya ce, ɗaurin shekara 14. Wata shidan da aka yanke wa Bobrisky, mai shigar matan nan da aka sani a Najeriya, a 2024 kuwa na wulaƙanta naira ne wajen liƙi, ba na sutura ba. Sannan in za ku sa hoto, ku tabbatar na mai labarin ne, ba na wani bawan Allah da kuka tsinto a intanet don ya sha kwalli ba.