Idan imel ɗin ƙungiyarku na faɗawa akwatin Spam

'Yan uwa, kafin ku zargi Gmail, ku leƙa saitin DNS na adireshinku, wato bayanan da ke rajiste kan sunan da ke bayan alamar @ a imel ɗinku. Abu uku za ku duba a can: SPF, DKIM da DMARC. SPF ke bayyana sabar da kuka yarje wa aika saƙo da sunanku. Layin SPF ɗaya tak ake so, in kuka sa biyu duka sun lalace. DKIM kuma hatimi ne da ke shaida ba a taɓa saƙon a hanya ba.

DMARC, wanda ke faɗa wa masu karɓa abin da za su yi da saƙon da ya kasa cin gwajin SPF da DKIM, shi ne ke buƙatar haƙuri. Ku fara da saitin p=none, wato sa ido kawai ba tare da ɗaukar mataki ba, ku yi 'yan makonni kuna duba rahotanni, don sau da yawa akwai wata manhajar aika rasit da kowa ya manta da ita. Sannan ku koma p=quarantine, wato a tura saƙon da ya kasa cin gwajin zuwa Spam. Tun Fabrairun 2024 Google ya wajabta ukun nan ga mai aika saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail.