Kafin ku biya kuɗin manhajar bin diddigin kurakurai

'Yan'uwa masu rubuta manhaja, idan ba ku wuce mutum goma ba, ku fara da GitHub Issues, wato sashen rubuta kurakurai na GitHub, dandalin da ake ajiye aikin manhaja, kafin ku biya dala ko ɗaya.

Mu biyar ne a ofishinmu da ke Wuse, Abuja. A da muna ajiye aikinmu a GitHub, muna rubuta kurakurai a wata manhaja daban, sai ya zama an gyara matsala tun Litinin, amma har Juma'a tana nan a jerin waɗanda ba a taɓa ba.

A GitHub kowace matsala tana da lambarta. Idan kuka rubuta fixes #12 (wato an gyara matsala mai lamba 12) a bayanin gyaranku, da zarar an haɗe shi da babban reshe, wato ainihin kwafin aikin, matsalar za ta rufe kanta. Ba sai an tuna wa kowa ba, kuma kyauta ne.

Dabarar tana gazawa idan akwai manaja ko abokin ciniki da ke son cikakken rahoton ci gaban aiki. A nan ku gwada Jira, wata manhajar bin diddigin aiki, wadda take kyauta har zuwa mutum 10. Idan kun kai mutum 11 kuwa biya ne, don haka ku lissafa da naira tukuna.