Yadda za ka tabbatar da shaidarka ga ƙasashen waje ta intanet

Ɗalibin Birnin Kebbi mai neman gurbin karatu a waje, da ɗan kasuwar Jega ko Kamba da zai buɗe asusun karɓar kuɗi daga ƙetare, da mai neman biza, duk a wuri ɗaya suke cijewa: inda manhaja ta ce a tabbatar da shaida. Mutum ya tura hoton takardar NIN, a ƙi karɓa. Dalili shi ne lambar NIN mai alƙaluma 11 a rumbun hukumar NIMC, mai kula da shaidar ɗan ƙasa, ake tantance ta, kuma ba kowane kamfanin waje ne ke da hanyar shiga rumbun ba. Abin da ya fi karɓuwa a ƙetare shi ne fasfo mai ƙwayar lantarki, irin wanda Najeriya ke bayarwa tun 2007.

Duba ƙasan bangon fasfonka, za ka ga 'yar alama mai kusurwa huɗu da da'ira a tsakiya. Ita ke nuna akwai ƙwayar. A ciki aka adana hotonka da bayananka, aka rufe da sa hannun lantarki na ƙasa bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Hoton takarda ana iya yi masa kwaskwarima, amma wannan, ko harafi ɗaya aka taɓa, sa hannun ba zai dace ba.

Kafin ka taɓa waya, jera fasfo da takardar NIN da bayanan BVN a gabanka, ka karanta sunan harafi-harafi. Nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Muhammad a wannan, Mohammed a wancan. Sunan mahaifi a farko a takarda ɗaya, a ƙarshe a ɗayar. Ranar haihuwa ta bambanta. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ne ba. Idan akwai saɓani, fara gyara a NIMC, domin da bayanan NIN ake yin fasfo. Wajen cike fom kuwa, kwafi sunan yadda yake a fasfo. Layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, masu gurbi 44 kowanne, ba sa ɗaukar alamar da ke cikin Sa'adu ko Mu'azu, shi ya sa za ka ga SAADU. Wannan ba kuskure ba ne. A duba ranar ƙarewa ma, don ƙasashe da yawa na son a ce saura wata shida ko fiye.

Sai waya. Dole ta kasance mai NFC, wato tsarin da ke sa waya ta karanta ƙwayar idan an ɗora ta a kai, kuma ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi. Shiga saitin waya ka nema, ka kunna. In babu, ari ta wani amintacce, ka fita daga asusunka bayan ka gama.

Manhajar za ta fara da ɗaukar shafin hoto. Kada ka yi gaggawa a nan: lambar fasfo da ranar haihuwa da ranar ƙarewa da kyamara ta karanta su ne mabuɗin ƙwayar. Idan ƙyalli ya sa ta karanta 8 a matsayin B, ƙwayar ba za ta buɗe ba, kai kuma ka zaci fasfon ya lalace. Kashe fitilar kyamara, zauna a inuwar zaure ko kusa da taga, kusurwoyi huɗun shafin su fito.

Daga nan cire rigar wayar da ta fasfon, rufe fasfon, ajiye shi a kan tebur na katako, ba na ƙarfe ba. Ɗora wayar a kai ta manne. A iPhone mai karantawar yana can sama ta baya, a Android galibi tsakiya ko kusa da kyamara. Ja wayar a hankali har ta fara karantawa, sannan ka bar ta cak na 'yan daƙiƙu. In ta ƙi, juya ɗaya bangon, ko ka buɗe shafin hoto. Fasfon da aka lanƙwasa a aljihu ko ruwa ya jiƙa, ƙwayarsa na iya mutuwa, kuma maganinsa sabuntawa ne a ofishin shige da fice.

Mataki na ƙarshe hoton fuska ne kai tsaye, wanda za a gwada da na cikin ƙwayar. Haske ya kasance a gabanka. Cire tabarau. Mace ba sai ta cire hijabi ba, amma daga goshi zuwa haɓa su bayyana. Mai niƙabi ta ɗage shi a cikin ɗaki.

Idan kamfanin na da izinin tantancewa ta NIMC, ba shi vNIN, lambar wucin gadi mai gurbi 16 da ke mutuwa bayan awa 72, maimakon ainihin lambarka. Manhaja kuma daga shafin hukumar ko kamfanin za ka bi ka sauke ta. Duk wanda ya ce ka turo masa hoton fasfo ta WhatsApp, ko ka karanto masa lambar sirrin da aka aiko wayarka don ya ƙarasa maka, kada ka ba shi. In a shagon intanet aka yi maka aikin, ka tsaya a goge hotunan takardunka daga kwamfutar a kan idonka.