Yadda Ake Koya wa Ɗalibai Binciken Salsalar Gidansu

A tambayi yaro ɗan shekara goma sunan kakarsa ta wajen uwa, wataƙila ya faɗa. A ƙara tambayarsa sunan mahaifinta, sai ya yi tsuru-tsuru, alhali mai amsar tana nan da ranta, ƙila ma ita ta tashe shi da safe. Daga nan darasin binciken salsala yake farawa. Kayan aikinsa kaɗan ne: littafin rubutu guda, fensir, rula, babbar takarda, sai wayar da ke ɗaukar murya idan da hali. Darasi ɗaya na minti 40 a kowane mako, har mako shida, ya wadatar ga yara daga shekara 9 zuwa 14.

Sai dai malami ya san abin da yake nema tun farko. Idan burinsa kawai yara su zana bishiya mai rassa su manna a bango, wannan aikin yini ɗaya ne. Abin da ya cancanci mako shida shi ne yaro ya saba da tambaya guda a gaban kowane suna da kowace shekara: wa ya faɗa, kuma ta yaya ya sani?

Kafin a buɗe baki a aji

A fara aika wa iyaye takarda mako guda kafin darasin farko. A bayyana abin da za a tambaya, da wanda zai ga amsoshin, a kuma faɗa ƙarara cewa gida na da ikon cewa ban da kaza. A kowane aji akwai maraya, akwai ɗan riƙo, akwai wanda auren iyayensa ya mutu da tsiya, akwai wanda bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Ba wuyar lissafi ke sa irin wannan yaro ya ƙi kawo aikin gida ba, kunya ce. Saboda haka zaɓin ya zama na kowa da kowa, a sanar da shi a gaban aji duka: mai so ya bi ɓangaren uba, mai so na uwa, mai so na wanda ya riƙe shi, mai so ma ya ɗauki wani dattijo da ya yarda a rubuta tarihinsa. Idan yaro ɗaya aka keɓe aka ba wa wannan rangwame, an nuna shi da yatsa ke nan.

Kada a ba da maki a kan yawan sunaye. Wanda ya kawo mutum biyar da hujjar kowanne ya fi wanda ya jero talatin ba madogara. Haka kuma a guji haɗa wannan aiki da kwatanta kamannin yaro ko rukunin jininsa da na iyayensa; abin da zai iya tonowa ya fi ƙarfin aji.

Jadawali mai lamba

A mako na farko kowa ya rubuta abin da ya sani da ka, ba tare da tambayar kowa ba. Daga kansa zai fara ya yi baya. Bin zuri'a daga wani shahararren kaka a gangaro ƙasa shi ne babbar hanyar ɓata, domin mai yin haka ya riga ya zaɓi inda yake so ya isa.

Akwai tsarin lamba da ke hana ruɗewa, wanda Michaël Eytzinger ya buga a 1590, Jerónimo de Sosa ya yi aiki da shi a 1676, Stephan Kekulé von Stradonitz kuma ya yaɗa shi a 1898. Yaro shi ne 1, mahaifinsa 2, mahaifiyarsa 3. Mahaifin uba 4, mahaifiyar uba 5, mahaifin uwa 6, mahaifiyar uwa 7. Ƙa'idar ɗaya ce har sama: a ninka lambar mutum a sami ta ubansa, a ƙara ɗaya a sami ta uwarsa. Don haka ban da mai lamba 1, duk lambar da ke rabuwa biyu daidai ta namiji ce, sauran na mata. A gwada su da tambaya: wace ce 13? Sai sun lissafa su gane ita ce uwar 6, wato mahaifiyar kakansu namiji na wajen uwa. Amfanin lambar a fili yake ga mai magana da Hausa, tunda kalmar "kaka" ɗaya ce take ɗauke da mutum huɗu.

A tsaya a lamba 15, wato hawa huɗu. Adadin ninkawa yake yi, 2, 4, 8, 16, har a hawa na goma sama da yaron ya kai gurbi 1,024. A ƙarƙashin kowace lamba a bar layi biyar: cikakken suna, laƙabi, shekarar haihuwa da wuri, shekarar rasuwa idan ya rasu, sai layi na ƙarshe na majiya. Da fensir za a cike, domin gogewa za ta yi yawa. Gurbin da ba a sani ba a bar shi fayau.

Zama da dattijo

Nan ne zuciyar aikin, kuma da tsohuwar zuma ake magani: a fara da wanda ya fi kowa tsufa, a wannan makon, kada a ce sai hutu. Takarda tana jira, mutum ba ya jira.

Mako na biyu na gwaji ne a aji. Yara su zauna bibbiyu, ɗaya ya yi tambaya na minti biyar, ɗayan ya amsa, sannan su musanya. Kuskuren da zai fara bayyana shi ne tambayar da amsarta "i" ko "a'a" ce. Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne sa wa mutum magana a baki. Idan jika ya ce, "Kaka, ai babanku malami ne ko?", tsohuwa za ta iya cewa "haka ne" don kada ta gwale shi. Idan ya ce, "Kaka, wace sana'a babanku yake yi? Da safe in ya fita ina yake nufa?", sai zance ya ɓalle. Kowane yaro ya tafi gida da tambayoyi takwas zuwa goma a rubuce, masu farawa da yaya, ina, wa, me ya sa. Masana biyu a Jami'ar Emory ta Amurka, Marshall Duke da Robyn Fivush, sun tsara tambayoyi 20 na auna sanin yaro game da gidansu, irin su yadda iyayensa suka haɗu da inda kakanninsa suka taso. Irin waɗannan su ne suka dace da zaman farko.

A koya musu tsarin zaman dalla-dalla. Gaisuwa tukuna, sannan neman izinin ɗaukar murya. A kashe rediyo da fanka, a ajiye wayar a kan matashi ko tsumma kamar kamu biyu daga bakin mai magana, a sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse. A ɗauki daƙiƙa goma a saurara kafin a ci gaba. Da yawa sai sun gama hira suke tarar da ba abin da ya shiga. Yaro ya buɗe da faɗin sunansa, sunan wanda yake hira da shi, kwanan wata da wuri. Minti 30 ya isa, in ya yi tsawo 45. Zama biyu gajeru sun fi ɗaya dogo, domin bayan an tashi ne tsoho yake tuno abin da ya manta.

Abu mafi wuya ga yaro shi ne yin shiru. Tsohuwa ta ambaci ƙanenta, sai ta tsaya, tana murza bakin zanenta, idonta a ƙasa. Yaro zai so ya yi tsalle zuwa tambaya ta gaba. A ce masa ya ƙirga biyar a zuci. Sau da yawa a bayan wannan shirun ne sunan da ba wanda ya taɓa ji yake fitowa. Idan kuwa ta ce a bar zancen, an bar shi ke nan, kuma ba ya shiga littafi.

Kada a ce su kwafe hirar duka. Awa ɗaya ta magana tana cin babban mutum awa huɗu zuwa shida kafin ya rubuce ta. Ya isa yaro ya fitar da sunaye da wurare, ya kuma rubuta labari ɗaya na minti biyu ko uku da kalmomin mai shi.

Sunaye masu yaudara

Idan amsoshi suka dawo aji, matsala uku za su bayyana kusan a kowane littafi. Ta farko takwara: an sa wa jika sunan kakansa, sai mai rubutu ya haɗe mutum biyu su zama ɗaya, ya wayi gari da wanda ya rayu shekara 140. Ta biyu laƙabi: an san mutum da wani suna duk rayuwarsa, takardunsa kuma na ɗauke da wani, sai mutum ɗaya ya rabu biyu. Ta uku kalmomin dangantaka. Wanda ake kira "baba" yana iya zama wan uba ko ƙanensa, "yaya" kuma yana iya zama ɗan baffa ko ɗan kawu. Maganinsu duka tambaya ce ƙarama da ya kamata ta zauna a bakin yaro: "Shi ya haife shi, ko riƙonsa ya yi?" da kuma "Uwa ɗaya uba ɗaya suke?"

Akwai ta huɗu, wadda masu nazarin tarihin baka irin su Jan Vansina suka daɗe da lura da ita: mutane suna riƙe sunayen kusa da kuma na wanda ya kafa zuri'a, na tsakiya su zube. Lissafi ke kama wannan. Tsakanin haihuwar mutum da ta ɗansa akan sami shekara 25 zuwa 35, wato kamar hawa uku ko huɗu a ƙarni guda. Idan gida ya ce kakansu na farko ya zo shekara 300 da suka wuce amma sunaye biyar kawai aka jero, kowane hawa ya ci shekara 60 ke nan. Ba ƙarya aka yi ba, an dai tsallake mutum huɗu ko biyar. A nuna wa yara su ja layi mai ɗigo-ɗigo a irin wannan wuri maimakon layi miƙaƙƙe.

Fitar da shekara inda ba takarda

Tsofaffi da yawa ba su riƙe shekarar haihuwarsu da lamba ba, amma sun riƙe abin da ya faru. A zana dogon layi a allo a jera abubuwan da aka tabbatar da lokacinsu: annobar mura ta 1918, yaƙin duniya na biyu daga 1939 zuwa 1945, saukar ɗan'adam a duniyar wata a Yulin 1969, kullen korona na 2020, sannan aji ya ƙara da abubuwan da mutanen yankinsu ke tunawa. Idan kaka ta ce tana goyon ɗanta na fari aka ji labarin sauka a wata, an haifi ɗan a 1968 ko 1969. Idan ta haife shi tana tsakanin 18 da 25, ita kuma haihuwarta ta faɗa tsakanin 1943 da 1951. Yaro ya rubuta "wajen 1947", kuma kalmar "wajen" wajibi ce, kada a bari ta faɗi wajen kwafewa.

Shekarar da aka samu da lissafin Hijira a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Misali 1375 za ta ba da 1955 da ɗoriya, wato 1955 ko 1956. Kullum a rubuta duka biyun, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11.

Takardu da hotuna

A mako na biyar yara su nemi abin da ke cikin akwatunan gida: takardar haihuwa, katin shaida, fasfo, sakamakon makaranta, takardar sallama daga aiki, wasiƙu, rubutun da wani ya yi a bangon littafi. Kada a kawo na asali makaranta. A ɗauki hotonsa a gida, a shimfiɗe kusa da taga, ba tare da hasken kyamara ba, gaba da baya. Bayan tsohon hoto yakan fi gabansa bayani, saboda hatimin mai ɗauka ko kwanan wata. Sunayen mutanen ciki a rubuta su da fensir mai laushi, daga hagu zuwa dama, tun mai gane fuskokin yana kusa. Biro yana huda takarda ya ɓullo ta gaba, salatif yana barin tabo rawaya, rufe takarda cikin leda da zafi kuma ba ya warwaruwa.

A nan ne za a koya musu cewa takarda ma tana kuskure. Wadda aka rubuta a makon haihuwa ta fi ƙarfi a kan wadda aka yi bayan shekara ashirin don neman aiki ko shiga makaranta. Idan kaka ta ce abu kaza, takarda ta ce wani, a rubuta duka biyun da majiyar kowanne, yaro ya faɗi wanda ya fi gamsar da shi da dalilinsa. Wannan jimla ɗaya ita ta fi cancantar maki a duk aikin.

Intanet ta zo daga ƙarshe, kuma tare da babba. Shafin binciken salsala na FamilySearch kyauta ne, manhajar Gramps ma kyauta ce ga mai son adana jadawali a kwamfuta. Amma bishiyar da wani ya ɗora a shafi ba hujja ba ce, kuma dacewar suna ba ta tabbatar da dangantaka. Yara su san cewa hukumomi ma suna rufe bayanan mutane na dogon lokaci: Amurka tana riƙe takardun ƙidayar jama'arta shekara 72, shi ya sa na 1950 sai a 2022 aka buɗe su, Ingila kuma shekara 100 take jira. Aji ya yi koyi da wannan. Cikakken kwanan haihuwar mai rai, adireshinsa, lambar katinsa da sunan mahaifiyarsa ba sa hawa bango, ba sa hawa Facebook, domin da irinsu 'yan damfara ke buɗe asusun mutane.

A mako na shida kowa ya miƙa abu uku: jadawalinsa, labari ɗaya na shafi guda, da jerin tambayoyi uku da har yanzu bai sami amsarsu ba, tare da sunan wanda yake ganin zai iya amsawa. Karantawa a gaban aji ta zama ga mai so kawai. Bayan an duba, littafin ya koma gida, muryar da aka ɗauka kuma a kwafe ta wuri biyu, a sa mata suna da kwanan wata, a ba wa wanda aka yi hira da shi nasa kwafin, a kunna masa ya ji ko akwai abin da zai gyara.