Yadda ake kulle sabuwar sabar Ubuntu ba tare da ka kulle kanka a waje ba

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yaro zai yi hayar sabar ya kwana yana murna, washegari ya zo mini fuska a yamutse, wai an yi masa kutse. In duba, babu ɓarawon da ya taɓa shi. Shi da hannunsa ya garƙame ƙofa, makulli na ciki.

Ba zan ɓata lokaci kan buɗe asusu a kamfanonin hayar sabar irin su DigitalOcean ko Hetzner ba, wanda ya iya samo katin dala ya biya ai ya riga ya ci babbar jarrabawa. Zaɓi Ubuntu 24.04, wadda ta fito a Afrilun 2024, za a ci gaba da yi mata gyaran tsaro har 2029. Ƙaramar sabar ta wajen dala 6 a wata ta ishe ka koyo, kada wani ya zuga ka ka ɗauki babba.

Fara da makullin SSH, wato hanyar da ake shiga sabar daga nesa. A tagar rubuta umarni ta kwamfutarka za ka yi shi, ba a kan sabar ba:

ssh-keygen -t ed25519

Fayil biyu za ka samu. Mai .pub a ƙarshe shi ake bai wa sabar. Ɗayan kuwa ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya ba ya gani, balle ka tura wa kanka ta WhatsApp wai don ajiya. Idan ya tambaye ka kalmar sirri, sa masa. Na san da gajiya, sa dai.

Sai ka shiga sabar da sunan root, wato babban asusun da ke da iko da komai, ka buɗe wa kanka asusu, a nan mu ce sunansa musa, ka kuma ba shi sudo, wato damar yin aiki da ikon root:

adduser musa
usermod -aG sudo musa

Koma kwamfutarka ka rubuta ssh-copy-id musa@adireshin-sabar. Masu Windows ba ku da wannan umarnin, sai dai ku kwafi abin da ke cikin fayil ɗin .pub ku zuba da hannu a /home/musa/.ssh/authorized_keys. In da hannu ka yi, ka tabbata musa ne mai jakar, ba root ba, jakar .ssh tana da izini 700, fayil ɗin kuma 600. SSH mai tsantseni ne, in ya ga kowa na iya rubutu a wurin sai ya yi biris da makullinka, ba zai ma gaya maka dalili ba.

To, nan ne ake faɗuwa.

Buɗe taga ta biyu ka shiga da sunan musa. Ka gwada sudo whoami, ya ce maka root. In bai ce ba, kada ka ƙara taku ɗaya. Tagar farko kuma, wadda ka shiga da root, ka bar ta a buɗe har ƙarshen aikin nan, ita ce igiyar da za ka kama in ka zame. Sake kunna SSH ba ya korar wanda ya riga ya shiga, sabon shiga yake tarewa. Shi ya sa mutum zai ɓata saiti, ya ga komai lafiya lau, ya rufe taga ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar da bango.

Ni ma ta ci ni. Ina tsakiyar gyara aka ɗauke wuta, na'urar intanet ta mutu, taga ta tsinke, ga shi na riga na hana shiga da kalmar sirri ban gwada makullin ba. Tun daga ranar ba na taɓa wannan mataki sai batir a cike, waya kuma da data a gefe.

Don hana shiga da kalmar sirri, yawanci za a ce ka gyara /etc/ssh/sshd_config. Ni na daina. A saman wannan fayil akwai layin da ke jawo duk abin da ke cikin jakar sshd_config.d, kuma a wurin SSH maganar farko ita ce magana, ta baya ba ta soke ta. In da kalmar sirri ka ƙirƙiri sabar, sau da yawa za ka tarar da 50-cloud-init.conf a can yana cewa PasswordAuthentication yes. Kai ka rubuta no a ƙasa kana ganin ka kulle, ashe ƙofa a buɗe take. Tunda bi da bi ake karanta fayilolin jakar bisa suna, yi naka fayil ɗin da zai riga kowa:

sudo nano /etc/ssh/sshd_config.d/00-kulle.conf

Layi biyu kawai:

PasswordAuthentication no
PermitRootLogin no

Kafin ka sake kunnawa, sudo sshd -t. Shiru alama ce ta lafiya. Sannan sudo sshd -T | grep -i passwordauth, don ka ga ainihin abin da sabar ta ɗauka. In ka ga no, sai sudo systemctl restart ssh. Buɗe taga ta uku, sabuwa fil, ka shiga. Ta karɓe ka? Madalla.

Katangar tsaro ma haka take, a jere: sudo ufw allow OpenSSH tukuna, sannan sudo ufw enable. Wanda ya juya su ya toshe ƙofa ta 22, wadda SSH ke bi, a kan kansa. Sake gwada sabuwar taga.

Saura ƙananan abubuwa. Yi sudo apt update da sudo apt upgrade, ka girka fail2ban, mai toshe masu yawan gwada shiga ba daidai ba, in kana so, ko da yake bayan hana kalmar sirri aikinsa ya ragu, rage surutu kawai yake yi a rajista. Canza lambar ƙofa daga 22 ba na ba da shawara, a 24.04 yana da ƴar rigima kuma ribarsa kaɗan ce.

In duk da haka ka kulle kanka, kada ka goge sabar. Shafin kamfanin da ka yi haya yana da allon gaggawa da ke kai ka ciki ba ta SSH ba. Can kalmar sirrin musa za a tambaye ka, don haka rubuta ta a takarda tun yanzu.